Majigi a Cikin Aji: Amsoshin Wasiƙun Malamai da Iyaye

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan yawancinsu a kan batu guda suke, wato koyarwa da majigi, don haka muka zaɓi shida daga ciki, muka taƙaita su, muka haɗa amsoshinsu wuri ɗaya. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya da na makarantunsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar Bayoloji ce a wata babbar sakandaren 'yan mata. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba mu kyautar majigi a farkon zangon da ya wuce, tun daga lokacin kuma nake tsara dukkan bayanan darasina a kwamfuta ina haska wa ɗalibai. Ajin ya yi tsit, yara suna murna, ni ma na huta da ƙurar alli, har na kammala manhajar zangon kafin lokaci. Amma da aka yi jarrabawa sakamakon bai fi na da ba, a wasu batutuwan ma raguwa ya yi. A ina matsalar take?
Daga wata malama, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka wa tsofaffin ɗaliban nan da alheri, ke kuma ya ƙara miki himma, domin malamai da dama idan aji ya yi tsit sukan ɗauka an fahimta, ba su komawa su bincika. Amsarki tana cikin wasiƙarki a wuri biyu: kin ce dukkan bayanan darasi kike haskawa, kin kuma ce kin gama manhaja kafin lokaci.

Lokacin da malami yake rubutu da alli, hannunsa ne yake rage masa sauri. Ba ya iya yi wa ɗalibansa nisa, saboda saurin rubutunsa da nasu kusan ɗaya ne, kuma suna ganin yadda jimla take biyo jimla, yadda zane yake tashi daga layi guda har ya zama zuciya mai ɗakuna huɗu. Majigi kuwa yakan zubo shafi cike da rubutu a lokaci guda. Ke kin san abin da ke ciki, kin karance shi cikin ƙasa da minti ɗaya, yatsanki yana kan maɓalli. Yarinyar da ke gabanki kuma tana fama da ayyuka uku a tare, tana karanta bango, tana kwafa a littafi, tana ƙoƙarin sauraronki, duk cikin Turancin da ba da shi ta tashi a gida ba. Abin da takan yi shi ne ta saki sauraro ta riƙe kwafa, tunda littafin ne za a duba. Shirun da kika ji a ajin, mafi yawansa shirun masu kwafa ne. Allo yana da wata fa'ida kuma da ba a cika lura da ita ba: abin da aka rubuta a farkon darasi yana nan har ƙarshensa, wadda hankalinta ya ɗan tafi za ta ɗaga kai ta sake kama bakin zaren, alhali shafin majigi da zarar an wuce shi ya tafi ke nan.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan al'amari. Tun 1971 Allan Paivio na ƙasar Kanada ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana sarrafa hoto ta hanya ɗaya, magana kuma ta wata hanya daban, kuma abin da ya shiga ta hanyoyin biyu ya fi zama. A shekarun 1980 John Sweller na Ostareliya ya nuna cewa sabon abin da mai koyo zai iya riƙewa a ransa a lokaci guda kaɗan ne ƙwarai, idan aka yi masa yawa sai koyon ya tsaya. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya ɗora a kan waɗannan, ya yi shekaru yana gwada darussa iri-iri a kan ɗalibai, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne hoto tare da bayanin baki ya fi bayani shi kaɗai, amma idan aka ƙara da rubuta ainihin kalmomin da malami yake faɗa a gefen hoton sai fahimta ta ragu, domin an raba wa ido aiki tsakanin kallo da karatu. Ya kuma gano cewa kayan ado, irin su kiɗa da hotunan da ba su shafi darasi ba, suna cinye hankalin da ya kamata darasi ya samu. Haka kuma sunan kowane sashe na zane ya kamata ya zauna a jikin sashen maimakon a jera su a ƙasan shafi. Kuma dogon bayani ya fi shiga idan aka yanka shi gaɓa-gaɓa ana tsayawa. Sai dai akwai togaciya da ta shafe mu kai tsaye, wato ga masu koyo da harshen da ba nasu ba, ganin muhimman kalmomi a rubuce yana taimakawa. Saboda haka ki bar sababbin kalmomin kimiyya uku ko huɗu a shafi, ki kwashe dogayen jimlolin.

Shawarata ita ce kafin ki haska kowane abu ki tambayi kanki ko alli da bayanin baki da abin da hannu yake taɓawa za su iya nuna shi. Idan za su iya, ki bar musu. Inda majigi yake da rana shi ne a kan abin da ya yi wa ido ƙanƙanta, ko sauri, ko jinkiri, ko nisa, ko kuma yake da haɗari: yadda ƙwayar halitta take rabuwa biyu, yadda ƙofofin zuciya suke buɗewa suna rufewa, yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro take barin bakin sauro ta shiga hanta sannan ta faɗa jajayen ƙwayoyin jini, yadda wake yake tsirowa idan aka matse kwanakinsa cikin rabin minti. Amma ganyen darbejiya da fara da ƙadangare da ƙwayar masara suna nan a harabar makarantarki, zuciyar rago kuma tana wurin mahauta, kuma abin takaici ne a haska wa yarinya hoton abin da za ta iya riƙewa a tafin hannunta. Kada ki manta, a jarrabawar aikace ta WAEC da NECO ainihin abin ake ajiye mata a kan tebur, a ce ta duba, ta zana, ta sa wa sassansa suna, kuma wadda ba ta saba ganin malamarta tana zane layi bayan layi ba za ta sha wuya a ranar.

A aikace, ki sa a rataya farin yadin da ake haska hoto a kai a gefe guda don kada ya rufe allo, ki riƙa aiki da su biyun. Kafin ki kunna bidiyo ki rubuta tambaya ɗaya a allo wadda amsarta ke cikinsa, ki sa su faɗi abin da suke zaton zai faru, kada kuma ya wuce minti biyu ko uku ba ki tsayar da shi ba. Idan da PowerPoint kike aiki, danna harafin B yana baƙanta hasken nan take idanu su dawo kanki, sake danna shi kuma yana maido da shafin. Bayan an kalla sai a rufe, kowa ta zana abin da ta gani da ka, sannan a sake haskawa ta gyara da kanta. Za ki ga ba ki gama manhaja da wuri kamar zangon da ya wuce ba, kuma kada hakan ya dame ki.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, ina rubuta kundin bincikena a kan kayan koyarwa na gani. An koya mana cewa mutum yana tuna kashi 10 cikin 100 na abin da ya karanta, 20 na abin da ya ji, 30 na abin da ya gani, 50 na abin da ya gani kuma ya ji, 90 na abin da ya yi da kansa, kuma an ce binciken Edgar Dale ne. Zan iya kafa hujja da wannan?
Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Malam, tunda gobe-jibi kai ma aji za ka riƙe, gara ka ji gaskiyar maganar tun yanzu: kada ka kafa hujja da waɗannan alƙaluma. Edgar Dale malami ne a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, kuma a 1946 ya fitar da wani zane mai faɗin gindi da tsinin kai, inda ya jera hanyoyin da mutum yake samun sani, daga yin abu da kansa a can ƙasa, zuwa kallon gwaji da ziyarar gani da ido da fim da hoto, har zuwa kalmomi tsura a can sama. Babu lamba ko ɗaya a zanensa, shi da kansa ma ya yi gargaɗi cewa kada a ɗauki jerin a matsayin matakan fifiko, domin abin da yake nunawa kawai shi ne yadda sani yake tashi daga na zahiri zuwa na tunani. Wasu ne suka liƙa masa alƙaluman daga baya. An gan su a wata maƙala ta 1967 da wani ma'aikacin kamfanin mai na Mobil ya rubuta ba tare da ya kawo binciken da ya haife su ba, suka yi ta yawo a littattafai da tarukan bita, kuma masu bin diddigi sun nemi tushensu sun rasa. Ko da hankali ma za ka gane akwai lauje cikin naɗi. Karatun me ake nufi, na waƙa ko na lissafi? Wane mai koyo, ɗan aji biyu ko likita? Bayan awa ɗaya aka gwada shi ko bayan shekara? Binciken gaskiya ba ya fitowa goma, ashirin, talatin cif-cif a kan kowane darasi da kowane mutum. Ban faɗi haka don in rage darajar malaminka ba. Abin da ya tarar a littafi ya ba ku, kuma ya dace ka kai masa maganar cikin ladabi.

Idan hujja kake nema, ka nemi ayyukan masanan da na ambata a amsar da ta gabata, ka kuma san muhawarar da aka daɗe ana yi a wannan fanni. A 1983 Richard Clark ya kwatanta na'urar koyarwa da motar da ke kai kayan abinci: ita take isar da shi, amma ko ya gina jiki ko bai gina ba ya danganta da abin da aka loda mata. Robert Kozma ya mayar masa da martani a farkon shekarun 1990 cewa wasu na'urorin suna yin abin da wasu ba su iyawa, kamar nuna motsi, kuma ba a raba dabarar koyarwa da abin da ake koyarwa da shi. A ganina kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma tarihi ya fi goyon bayan taka-tsantsan irin na Clark. A 1913 Thomas Edison ya shaida wa wata jarida a Niyok cewa ba da jimawa ba fim zai sa a daina amfani da littattafai a makarantu, yau fiye da shekara ɗari ke nan littafi yana nan daram. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Birtaniya ta kashe kuɗi mai yawa wajen sanya allunan lantarki masu aiki da majigi a makarantun sakandaren Landan, kuma rahoton tantancewa da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan ta fitar a 2007 bai ga wani tasiri a sakamakon jarrabawar ɗalibai ba a shekarar farko ta cikakken amfani da su.

Kundinka zai fi daraja idan ka yi ɗan gwaji naka a lokacin koyarwar gwaji. Ka ɗauki azuzuwa biyu masu kama da juna, ka koyar da batu ɗaya, a ɗaya da majigi a ɗaya da zanen kwali da allo, ka ba su tambayoyi iri ɗaya washegari, ka sake ba su bayan mako biyu, sannan ka rubuta abin da ka samu ko da bai yi daidai da abin da ka zata ba.

TAMBAYA: Ɗalibaina sun haura 90 a aji ɗaya. Idan na haska taswira na baya ba sa ganin komai, idan na rufe tagogi don hoto ya fito sai zafi ya hana kowa sakat. Yaya zan yi?
Daga wani malamin Labarin Ƙasa, Potiskum.

AMSA: Malam, Allah ya ba ka lada, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ɗalibai 40 ta tanada ga malami ɗaya a sakandare, kai kuma kana riƙe da fiye da ninki biyu. Masu girka majigi suna da ƙa'ida mai sauƙi: wanda ya fi kowa nisa kada tazararsa ta wuce ninki shida na tsayin hoton, idan akwai rubutun da ake son ya karanta. Idan bencin ƙarshe yana mita 9 daga bango, hoton yana bukatar tsayin mita ɗaya da rabi, kuma ƙasansa ya kasance sama da kawunan na gaba. Sai dai ka sani cewa duk lokacin da ka ja majigi baya har faɗin hoto ya ninka, haskensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, domin hasken nan dai shi ne aka baza a fili mai girma ninki huɗu.

Game da tagogi, ba duhun ɗaki gaba ɗaya kake bukata ba. Majigi ba ya haska baƙi. Abin da ido yake gani baƙi a hoto shi ne wurin da haske bai faɗa a bango ba, don haka hasken ranar da ke sauka a kan bangon shi ne yake kashe hoton. Ka sa labule mai kauri ko kwali a tagogi biyun da ke kusa da bangon, ka bar na tsakiya da na baya a buɗe don iska ta shiga yara kuma su ga littattafansu. A shafe wurin da farin fenti marar sheƙi. A ɗaki mai haske baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi fitowa, kuma girman harafi kada ya gaza lamba 28 a ma'aunin rubutu na kwamfuta. Taswirar littafi mai ɗaruruwan ƙananan sunaye ba a yi ta don bango ba; ka zuƙo yankin da kake magana a kansa, misali kwarin Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi, ka bar sauran. Ka guji bambanta yankuna da ja da kore kaɗai, saboda a aji mai girman naka da wuya a rasa yaron da ba ya rarrabe su da kyau. Mafi muhimmanci, ka je da kanka ka zauna a bencin ƙarshe a daidai lokacin da darasin yake faɗowa, ka karanta shafukanka. Ka riƙa juya wurin zama mako-mako, yaron da kuma ka ga yana ƙanƙance ido ko a kan babban rubutu, ka sanar da iyayensa su kai shi asibitin ido.

TAMBAYA: Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara mana kuɗi don sayen majigi. Wutar lantarki ba ta zama a unguwarmu, kuma a kasuwa na ga masu araha da masu tsada duk an rubuta musu dubban lumen. Wanne ya kamata mu saya?
Daga wani shugaban makaranta, Sakkwato.

AMSA: Ranka ya daɗe, kafin maganar wanne za a saya, zan so kwamitinku ya fara zagaya azuzuwa. Idan akwai ajin da allonsa ya koɗe ba a ganin rubutu, ko yara suna zaune a ƙasa, ko littafin karatu ɗaya mutum biyar suke rabawa, a nan kuɗin zai fi amfani, kuma ina faɗin haka ne a matsayin mai son majigi. Idan waɗannan sun samu, to ga abin da za a duba.

Haske shi ne na farko. Ma'aunin da ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta masa ANSI kusa da adadin lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, kuma ajin da ake koyarwa da rana yana bukatar wajen 3,000 zuwa sama. Ƙananan majigin nan masu araha da ake rubuta wa 8,000 ko 10,000 ba tare da wannan alama ba, da yawansu ainihin haskensu 'yan ɗaruruwa ne, sai da dare suke fitowa. Kada a biya kuɗi sai an kunna shi da rana a ɗaki mai tagogi. Na biyu shi ne irin fitilar. Mai ƙwan fitila ya fi sauƙin kuɗi a farko, amma ƙwan yana dusashewa, yakan ƙare bayan awa dubu uku zuwa shida, kuma sabonsa yana da tsada, don haka a tambayi farashinsa da inda ake samunsa tun kafin a saya. Mai LED ko leza yakan kai awa 20,000 ba a canja komai ba. Ƙwan da ya mutu yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kada a jefar da shi inda yara suke wasa.

Sai lissafin wuta, wanda nan ne makarantu da yawa suke tuntuɓe. Majigin aji yana cin wajen wat 300, kwamfuta kuma wajen 60, wato aikin awa biyu a rana ya haura wat-awa 700. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma idan irin na dalma ne bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba, ga kuma abin da inbata take ci. Ke nan batir ɗaya irin wannan ba zai kai ku awa biyu ba, sai mai amfiya-awa 200 da farantin sola da zai iya cika shi a yini. Ƙaramin janareta zai ɗauki nauyin, amma wutarsa tana hawa tana sauka, don haka a haɗa da na'urar daidaita wuta, a kuma ajiye shi nesa da aji saboda ƙara da hayaƙi. Wasu sukan ce a sayi babbar talabijin a huta, kuma gaskiya ne ta fi fitowa da rana ta kuma fi ƙarancin cin wuta, sai dai mai inci 55 tsayin fuskarta bai kai santimita 70 ba, wanda ke nufin rubutunta ba ya karantuwa sosai bayan mita huɗu. Ta dace da ɗakin gwaje-gwaje ko ƙaramin rukuni, ba ta isa cikakken aji ba.

Abokan gabar majigi a yankinmu su ne ƙura da zafi. Fankarsa tana zuƙar iska don sanyaya fitila, da hunturu kuma ƙura take zuƙa, matacin ya toshe, na'urar ta yi zafi ta kashe kanta. A riƙa cire matacin ana kakkaɓewa kowane mako a wannan lokaci, a rufe majigin da zane bayan ya huce. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, kai kuma ka san Sakkwato a watan Afrilu takan haura haka, don haka darussan majigi da bazara a sa su da safe. Idan mai ƙwai ne, a kashe shi ta maɓallinsa a bar fanka ta gama aikinta kafin a zare soket. A tabbata yana da mashigar HDMI da ta VGA, wato wuraren da ake jona wayar da ke haɗa shi da kwamfuta, a sayi ƙaramar sifika daban domin tasa ba ta isa aji. Daga ƙarshe a damƙa shi ga malami ɗaya mai kula, a buɗe littafin karɓa da mayarwa, a sa shi cikin jadawali, a kuma ware rana guda malamai su koya wa juna. Majigin da aka kulle a ofis don tsoron lalacewa asarar kuɗin iyaye ne daidai da wanda ya lalace.

TAMBAYA: Ɗana yana aji biyar a wata firamare mai zaman kanta, kullum ya dawo sai ya ce an nuna musu fim. Muna biyan kuɗi ne don a koya masa karatu. Shin wannan ba ɓata lokaci ba ne, kuma ba zai lalata masa ido ba?
Daga wata uwa, Katsina.

AMSA: Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Koyarwa da majigi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa, musamman bayan kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara wannan aiki yana jami'in lafiya a Legas, motocin majigi suna zagaya garuruwa suna nuna fina-finan tsafta da noman gyaɗa da auduga a ƙofar fada ko a dandali. Abin lura shi ne tare da motar akwai mai sharhi da lasifika yana bayani da Hausa, domin an gane tun a lokacin cewa hoto shi kaɗai ba ya isar da saƙo. Wannan shi ne ma'aunin da za ki yi amfani da shi. Ki tambayi yaron me aka nuna, me malami ya tambaye su a kai, sannan ki buɗe littafinsa ki ga ko ya rubuta ko ya zana wani abu a ranar. Idan yana iya ba ki labarin yadda ruwa yake tashi ya zama girgije, an koyar da shi. Idan zanen ban dariya ake kunna musu tsawon darasi malami yana can yana wani aiki, to ki je ki ga hedimasta, haƙƙinki ne. Game da ido, kallon hoton da ke bango ba ya cutarwa. Abin da za ki hana shi shi ne leƙa bakin majigin lokacin da yake kunne, domin hasken da ke fitowa daga nan yana da ƙarfi ƙwarai.

TAMBAYA: Ni malamin lakwal ne a wani ƙauye da babu lantarki ko kaɗan. Ina da wayar hannu mai kyau, ina kuma son yarana su ga abin da 'yan birni suke gani. An ce ana iya haɗa majigi da kwali da gilashin ƙara girma. Zai yi aiki?
Daga wani malami, kusa da Tasawa, jihar Maraɗi.

AMSA: Malam, ƙasarku tana da tarihi a wannan fage. A 1964 Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada hakan, daga baya kuma aka riƙa kunna wasu akwatunan da hasken rana, a zamanin da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, yake jagorantar binciken makamashin rana a ƙasar. Duk da haka shirin bai kai ga yawancin yaran Nijar ba, makamancinsa da Kwaddibuwa ta fara a 1971 shi ma an dakatar da shi a farkon shekarun 1980. Saboda haka ina ba ka shawara ka gina aikinka a kan abin da zai zauna a ajinka ko da batir ya mutu.

Majigin kwali yana fitar da hoto, amma dishi-dishi, a kife, kuma sai a duhu sosai, domin hasken fuskar waya bai isa a baza shi a bango ba. Ka haɗa shi tare da yara a matsayin darasi kan yadda haske yake tafiya, ka ba su labarin Ibnul Haisam, wanda ya yi bayanin hoton da ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramin rami shekara dubu da suka wuce a Alƙahira. Amma kada ka dogara da shi wajen koyar da sauran darussa. Ƙaramin majigi mai batir wanda ake caja da sola ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai shi ma da magariba ko a ɗaki mai duhu yake fitowa, don haka ya fi dacewa da ajin yaƙi da jahilci na dare ko bitar masu shirin jarrabawa. Idan ka shiga Maraɗi ka sauke abin da kake bukata a katin waya: manhajar Kiwix tana ba ka Wikipedia ba tare da intanet ba, gwaje-gwajen kimiyya na PhET kuma, waɗanda Carl Wieman ya assasa a Jami'ar Kolorado a 2002, kyauta ne kuma akwai su da Faransanci. Da rana kana iya raba yara rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida su kalli gajeren bidiyo a wayar, sauran suna aikin da ka ba su a allo.

Akwai kuma wata tsohuwar dabara ta malaman da, wadda nake ganin ta fi duk waɗannan amfani a wurinka. Ka ari majigi na dare ɗaya, ka haska taswirar Nijar da jihohinta takwas a bangon ajin, ka bi layukan da fensir, washegari ku bi su da fenti kai da manyan ɗalibai. Haka za ka yi da ƙwarangwal ɗin mutum da sassan fure da taswirar Afirka a kan manyan kwalaye ko buhunan da aka ɗinke, ka yi layukan da kauri yadda na baya zai gani. Ka bar sunayen sassan ba a rubuta a jiki ba, ka yanka su a ƙananan katuna daban, don kowace safiya wani yaro ya fito ya liƙa kowane suna a wurinsa sauran aji su ce ya yi daidai ko bai yi ba.